Umma da Kawu a Lokacin Kulle

Ina aji biyar na firamare aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Gaskiya murna muka yi, mun ɗauka hutu ne ya zo mana a ɓagas. Murnar ba ta je ko'ina ba. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, bayan 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 27 ga watan kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Haka azumi ya same mu a kulle.

Ummata nas ce a wani asibitin gwamnati. Yayanta, wato Kawu, yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Kullum bayan shan ruwa sai ya leƙo, kullum kuma sai an yi musu.

Kawu cewa yake korona cutar masu hawa jirgi ce, zafin Kano ma kaɗai ya isa ya kashe ta. Da aka sanar da rasuwar Abba Kyari sai ya ce, "Kin gani ko, likita? Manya take bi." Idan Umma ta yi maganar takunkumin fuska, sai ya tuna mata da 1996, shekarar da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a nan Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Ya ce tun daga nan ya daina yarda da duk abin da aka zo da shi da sunan taimako. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne rufe kasuwa da masallaci. "Mutumin da sai ya fita yake samun na cefane, kin ce ya zauna a gida. Ya ci me?"

Umma ba ta cika ba shi amsa ba, don a gajiye take dawowa. Ni na ga abin da Kawu bai gani ba. Kafin ta shigo, akwai bokitin ruwa da sabulu da nake ajiye mata a soro. Nan za ta cire takalmi, ta wuce banɗaki ba ta taɓa kowa ba, ta jiƙa kayan aikinta a ruwan zafi. Shatin takunkumi ya fito mata a karan hanci har ya zama ciwo. Ku tuna zafin Afrilu, ga azumi a baki, ga rigar kariya da ba ta shigar da iska, wadda ma ba kullum ake samunta ba. Da wasu abokan aikinta suka kamu aka killace su, aikinsu ya dawo kan waɗanda suka rage, sai ta yi dare ta haɗa da safiya. Ta koma kwana ita kaɗai a ƙaramin ɗaki. Autarmu, lokacin shekararta uku, takan zauna a bakin ƙofar tana kuka, Umma na lallashinta daga ciki. Har yau ba na son tuna wannan.

Sannan ga mutanen unguwa. Waɗanda da bakinsu suke cewa babu cutar, su ne suka hana 'ya'yansu shiga gidanmu, wai Umma za ta kwaso musu. Ban taɓa gane wannan lissafin ba.

A cikin watan nan aka yi ta rasuwa a Kano, yawanci dattawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Umma ta ce wasu kuma hawan jini da ciwon suga ne suka tafi da su, saboda sun rasa mai duba su, ko tsoro ya hana su zuwa asibiti.

A da ina ganin taurin kai ne kawai ke damun Kawu. Yanzu da na ƙara wayo na fahimci maganarsa ta yunwa gaskiya ce. Na gano hakan ne ranar da Umma ta aike ni gidansa da kwanon shinkafa da kuɗi a ƙulle a leda, ta ce in ba matarsa kada ya sani. Ko da aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, cunkoson da aka yi a kasuwa ya sa Umma da kanta ta ce, "Wannan kullen ai an yi ba a yi ba." Inda ban yarda da Kawu ba shi ne cewa cutar ƙarya ce. Ƙarya ba ta sa uwa ta guji 'yarta wata guda.

Ana saura kwanaki sallah Kawu ya kwanta. Zazzaɓi, tari, ya daina jin ƙamshin abinci, numfashi da ƙyar. Ya ƙi zuwa gwaji. Umma ce ta dinga shiga wurinsa da takunkumi da safar hannu, bayan ta taso daga aiki, har Allah ya ba shi lafiya. Shi dai har gobe cewa yake zazzaɓin cizon sauro ne.

Da allurar rigakafi ta iso Najeriya a watan Maris na 2021, Umma na cikin waɗanda aka fara yi wa a wurin aikinsu. Kawu ya ce shi ba da shi ba. Sai a 2022 da ya samu kujerar Hajji aka ce masa Saudiyya ba ta karɓar wanda bai yi ba. Ya shigo gidanmu yana sosa ƙeya, ya ce, "Likita, gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

Umma ta ce, "Takwas, Yaya. Ka zo da takunkuminka."