Kanwa Uwar Gami: Zarra da Sinadari a Bakin Nilu

Ɗan Bahaushen da aka haifa a Umdurman, jikan mahajjatan da suka taso daga Kano ko Sakkwato a ƙafa har suka yada zango a bakin Nilu, harshe biyu gare shi, amma da ɗaya kaɗai kimiyya take yi masa magana. A makaranta malami yakan rubuta kalmomin Larabci huɗu a allo: zarra, juzai'i, unsur, murakkab. Ta farko takan ba yara dariya, domin idan ba a yi mata wasali ba, rubutunta ɗaya da dura, wato dawar da ake yin kisra da ita. In yaron ya koma gida zai yi wa kakarsa bayani, sai ya tarar kalma guda ce a hannunsa, sinadari, ita ce ta uku, ita ce kuma ta huɗu.

Wannan giɓi ba na 'yan Sudan kaɗai ba ne. Sinadari a asalinsa abin da maƙera ke liƙe ƙarfe da shi ne, daga baya aka ɗora masa kaya har ya yi masa yawa: zinariya sinadari, gishiri sinadari, maganin ƙwari ma sinadari. Ɗalibin Hausa da ke son rubuta kimiyya dole ya raba su. Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar yanki da har yanzu yake ɗauke da halin abu. Tsantsar sinadari shi ne wanda ƙwayoyin zarrarsa duk iri ɗaya ne, kamar zinariya ko oksijin; an san irinsu 118. Haɗaɗɗen sinadari kuwa shi ne wanda tsantsa biyu ko fiye suka ƙullu a cikinsa bisa ƙayyadadden kaso. Molekul, wato juzai'i, gungun zarra ne da suka riƙe juna suka zama abu guda.

Kakar ba ta rasa misali ba, yana nan a ɗakin girkinta. A kasuwar Umdurman ana sayar da atrun, wanda ita ke kira kanwa, ana haƙo shi daga hamadar arewacin Darfur, a kan tsohuwar hanyar fatake ta Darbul Arba'in. Da shi take sa wake ya nuna da wuri, kuɓewa ta yi yauƙi. Sunan nan na atrun shi ne natrun, ɗan'uwan Wadi Natrun na Masar, kuma daga gare shi Turawa suka ƙago natrium. Shi ya sa alamar sodiyam a jadawali ta zama Na, ba So ba. A 1807 Humphry Davy ya fitar da wannan ƙarfe tsantsa a Landan da ƙarfin lantarki, a shekarar da ya fitar da fotasiyam, wanda alamarsa K ta samo tushe daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai. Haruffa biyu ke nan da yara ke haddacewa da ƙyar, alhali kanwa da toka ne. Masu fassara kanwa da "fotash" kuwa sun kauce: sodiyam ne ya rinjaya a cikinta.

Kirarin nan na kanwa uwar gami ya dace fiye da yadda masu yinsa suka nufa. Dunƙulen kanwa gauraye ne: akwai haɗin sodiyam da kabon da oksijin, wanda shi ke aikin a tukunya, akwai gishiri, akwai yashi. Kason kowanne ya danganta da ramin da aka haƙo ta, shi ya sa wata ta fi wata ƙarfi.

Bambancin gauraye da haɗi ana ganinsa da ido a Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa a gefen tsibirin Tuti. Da damina Shuɗin yakan sauko daga tsaunukan Habasha da laka mai duhu, koguna biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin launinsu ya saje. Amma ruwan cikinsu iri ɗaya ne, kowane molekul zarra biyu na haidirojin da ɗaya na oksijin. Laka baƙuwa ce. A ɗebi ruwan a tulu a jefa alif, za ta kwanta a ƙasa. Haidirojin kuwa ba ya kwantawa, ko an shekara ana jira.

Haɗi yana sake hali gaba ɗaya. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, in ya taɓa ruwa sai ya yi tartsatsi, don haka a mai ake ajiye shi. Kulorin iska ce mai guba, wadda aka kashe sojoji da ita a Beljiyam a 1915. Su biyun suka haɗu suka ba da gishirin da ake kawowa Kartum daga Port Sudan.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wannan darasi ya fita daga aji. A watan Mayu na 2025 hare-hare suka katse lantarki a jihar Kartum, tashoshin tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiba daga kogi, kwalara ta bazu, Umdurman na cikin inda ta fi tsanani. A irin wannan rana wanda ya ɗauka duk sinadari sinadari ne yana cikin haɗari. Alif yana sa ruwa ya yi garau, ba ya kashe ƙwayar cutar. Kulorin ko tafasawa ke yin wannan. Mai gudawa kuma sodiyam da ruwa ke zuba daga jikinsa, hanjinsa kuwa ya fi shan sodiyam idan yana tare da sukari. Shi ya sa ma'aunin ya zama lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kanwa, duk da sodiyam ɗin da ke cikinta, ba ta maye gurbin gishirin nan.