Na Je Tarkwa Ɗauko Yaro, Na Dawo Da Dutse

Dogon hutun bana na tashi daga Kumasi zuwa Tarkwa, niyyata in taso ƙeyar ɗana ya dawo shago. Garin zinare ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafuka kuwa masu galamse sun dama su kamar kunu. Na iske shi ɗakinsa kusa da jami'ar ma'adinai, ya rame, yana kokawa da kundin digiri na biyu kan ilimin duwatsu.

Ya miƙo mini dutse mai tsakuwa a manne. "Baba, gadon tsohon kogi ne, ya haura shekara biliyan 2. Cikin irinsa zinaren garin nan yake."

Na jujjuya shi, bakina ya mutu. Kuɗin motar da na tanadar masa, na ce ya buga kundinsa da su. Shago ya jira.