Yaron da muka mayar kura a hostal

Daren jiya ina gida a Apo ina haɗa aikin da malamin adabin baka ya ba mu, sai na ci karo da labarin lobisomem, wanda ake bayarwa a Fotugal da Brazil. Wai mutum ne da ke rikiɗa ya koma kerkeci daren Juma'a a mararrabar hanya, gari na wayewa ya dawo mutum, a rame, a gajiye. Yawanci ɗa na bakwai a gida ake ɗora wa abin, tun bai san komai ba.

Mu nan kura ce tamu. Kakata ta sha ba mu labarin masu rikiɗa su bi dare suna cin dabbobin mutane. A Barno ana ce musu bultungin. A Habasha kuwa buda ake cewa, kuma maƙera aka fi zargi. Ka lura, ko'ina dai wanda ya fita daban shi ake nunawa.

Nan fa gabana ya faɗi, don na tuna wani ɗan ɗakinmu a aji biyu. Yaro shiru-shiru, ba ya shiga hirarmu. Ƙarfe 10 na dare ya fice, sai asuba ya dawo ido jajir, ƙafa duk ƙura, ya kwana a lakca. Ni ne na fara ce masa Kura, da wasa. Wani ya ƙara da cewa ai 'yan garinsu mayu ne. Kafin ƙarshen zangon karatu, wallahi ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Har wani ya sauya ɗaki.

Sai da muka dawo hutu, na kai motar babanmu garejin kanikawa na Apo da sassafe, na gan shi da tocila da sanda yana miƙa makulli. Ashe gadi yake yi, da shi yake biyan kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifinsa. Muka gaisa, ya ce, "Kura ta tashi daga aiki." Ya yi dariya. Ni na kasa.

Ɗan'uwa, in kana karanta wannan, ka yafe mini don Allah. Ku kuma 'yan hostal, kafin ku laƙaba wa wani suna, ku fara tambayarsa ko ya ci abinci.