Kafin a kunna kyamara: abin da matasanmu ba su sani ba game da fina-finan batsa

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa tsakanin Magaria da Dungass ya san fina-finan batsa sun riga sun shiga aljihun 'ya'yanmu. Ba sai yaro ya sayi data ba. Ɗan ci-rani ya dawo daga Kano ko Legas da katin waya cike da kaya, a zauna a fada da dare ana shan shayi, a tura wa wannan ta Xender, shi ma ya tura wa wancan. Wanda ya je cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana iya dawowa da abin da ba shi aka aike shi saye ba. Kafin sati ya zagayo, abin da aka ɗauka a wani gida a Amurka ya isa Bande, ya isa Wacha, ya isa Dogo-Dogo.

Ni malami ne, kuma uba. Na ga yadda muke yi idan muka kama: a ƙwace waya, a zane yaro, a tuna masa haramun ne. Haramcin gaskiya ne, kuma yaron ya san shi tun kafin ya danna. Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya zauna ya faɗa masa, shi ne cewa abin da yake kallo shiri ne. Wannan giɓin nake so mu duba yau, duk da nauyin maganar a baki.

Ku lura da wani abu. Ɗan aji shida na firamare ya san jarumin fim ɗin Sin ba tashi sama yake yi ba, igiya ce aka ɗaura masa. Ya san jinin fim ɗin Indiya kala ce. Ya san ɗan wasan Kannywood da ke motsa baki a waƙa ba shi ya rera ta ba. Ya san haka ne saboda ana kallon waɗannan a tsakar gida, yayye suna bayani, ana dariya. Fim ɗin batsa kuwa a ɓoye ake kallonsa, babu babba a kusa, saboda haka shi kaɗai ne fim ɗin da matashi ke haɗiyewa a matsayin gaskiya tsantsa. A nan yake ɗaukar darasin yadda jikin namiji ya kamata ya kasance, da abin da mace ke so, da yadda zaman aure yake.

Wani tsohon ɗalibina ne ya sa na nemi sanin yadda ake shirya abin. Ya kai shekara ashirin da biyar, yana sana'arsa a ƙetaren iyaka, an sa ranar aurensa bayan girbi. Ya same ni bayan sallar isha'i, ya daɗe yana gaisuwa yana wasa da yashi da ɗan yatsa, sannan ya ce, "Malam, ina jin ba ni da lafiya, ina tsoron in kunyata kaina." Na ce masa, "Ɗana, wane likita ya auna ka?" Ya yi shiru. Daga baya ya nuna mini ƙwayoyin da ya saya a hannun mai tallar magani a kasuwa. Lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin da ya auna kansa da shi ne na ƙarya.

To, ga abin da ke faruwa kafin a kunna kyamara, kamar yadda masu sana'ar da kansu da kotuna da majalisun ƙasashensu suka bayyana.

Cibiyar wannan sana'a ta daɗe a kwarin San Fernando, a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya. A kamfanonin da ke bin ƙa'ida a can, ba a barin mutum ya shiga aiki sai ya nuna katin shaidar cewa ya kai shekara 18, an kwafe an ajiye, domin doka ta tilasta hakan. Sannan sai ya nuna sakamakon gwajin jini da fitsari wanda bai wuce kwana 14 ba, na ƙanjamau da tunjere da ciwon sanyi da ciwon hanta. Wato sau biyu a wata ana huda masa jijiya, muddin yana cikin sana'ar. Wannan tsari wahala ce ta haife shi. A shekarar 2004 wani ɗan wasa ya dawo daga aiki a Brazil ɗauke da ƙanjamau, ya sa wa mata uku, aka tsayar da ɗaukar fim na makonni. A Nuwamban 2012 mutanen yankin Los Angeles suka kaɗa ƙuri'a suka amince da dokar tilasta amfani da kwaroron roba a wurin ɗauka. Yaron da ke kallo a Dantchiao ba ya ganin allurar gwaji, ba ya ganin fargabar jiran sakamako. Abin da yake gani shi ne mutane suna haɗuwa haka kawai ba abin da ya same su, sai ya ɗauka haka duniya take.

Jikin da ake nunawa ma shirya shi ake yi. Ana zaɓar mutum ɗaya cikin masu yawa saboda halittarsa ta fita daban, kamar yadda ba kowane saurayin Damagaram ne ke shiga filin kokawar takobi ba. Akwai kwalliya, akwai fitilu, akwai kusurwar da ake ajiye kyamara don ƙaramin abu ya yi girma, wasu kuma tiyata aka yi musu. Wasu matan sukan taƙaita cin abinci tun jajibirin ɗauka. Maza da dama sun faɗa da bakinsu cewa da ƙwaya suke aiki, wasu har da allura. Aikin da ya ci awa huɗu ko biyar, ana tsayawa ana hutawa, ana gyara fitila, darakta yana ba da umarni, shi ne mai tacewa zai yanke ya haɗa ya mayar minti ashirin kamar ba a taɓa tsayawa ba. Kukan daɗin da ake ji wasan kwaikwayo ne, an biya mutum ya yi shi ko yana jin zafi.

Shirin zuciya ya fi wannan nauyi. Kusan dukansu suna aiki da sunan aro, don su raba wanda ke gaban kyamara da wanda zai koma gida ya gaishe da mahaifiyarsa. A wuraren da ake da tsari, kafin a fara sai kowa ya cike takarda ya nuna abin da ya yarda da shi da wanda bai yarda ba, a kuma tsayar da kalmar da in aka furta ta dole a dakata. Ku dubi wannan da kyau: hatta a wurin da aka mayar da abin kasuwa, sai an nemi yarda a rubuce. Ita wannan takardar ba ta fitowa a fim. Duk da haka zuciya ba ta cika ɗauka ba. Tsakanin ƙarshen 2017 da farkon 2018 mata biyar matasa masu wannan sana'a suka mutu cikin 'yan watanni, a cikinsu akwai wadda ta kashe kanta, har ya sa a 2018 aka kafa ƙungiya musamman don sama wa masu sana'ar likitocin ƙwaƙwalwa.

Wannan fa ɓangaren da ke bin doka ke nan. Akwai wanda ba ya bi. A Janairun 2020 wata kotu a San Diego ta yanke wa mata 22 diyyar kusan dalar Amurka miliyan 13, bayan ta tabbatar an yaudare su da alkawarin cewa bidiyon ba zai taɓa hawa intanet ba. A Disambar wannan shekarar, kamfanonin Visa da Mastercard suka janye daga ɗaya daga cikin manyan shafukan batsa na duniya, bayan jaridar New York Times ta fallasa cewa akwai bidiyon fyaɗe da na ƙananan yara a ciki. Cikin 'yan kwanaki shafin ya sauke miliyoyin bidiyo. A Satumban 2022 majalisar dattawan Faransa ta fitar da rahoto bayan ta saurari shaidu, ta ce cin zarafin mata ya zama ruwan dare a sana'ar. Saboda haka wanda ke kallo a waya ba shi da hanyar sanin ko matar da ke gabansa da yardarta take, ko kuwa laifi ake aikatawa a kanta yana kallo.

Me ya kawo wannan dogon labari gidajenmu? Illarsa a ɗakunan aurenmu take sauka. Ango ya shiga da tsoron kasawa, ya sha ƙwayar ƙarfin maza da bai san adadinta ba, wani ya haɗa da tiramol. Ita ƙwayar sildenafil magani ce ta gaske, likita ke rubuta ta ga mai larura, amma in ta haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya tana iya faɗar da jini har a rasa rai, kuma in gaba ya miƙe ya wuce awa huɗu bai kwanta ba, sai an garzaya asibiti, in ba haka ba a nakasa. Mai talla da ke yawo da kwali a rana ba zai faɗa wa kowa wannan ba. Ita kuma amarya ta tarar da miji yana neman abin da ya gani, bai san cewa wadda ya gani an biya ta ne ta ɓoye zafi. Wata abokiyar aikina da matan unguwa ke kai wa kuka ta ce mini yaji da yawa da ake cewa na rashin cefane ne, asalinsu wannan ne, kunya ce ta hana a faɗa gaban waliyyai.

Akwai kuma masu kwaikwayon ɗaukar da kansu. Manyanmu sun tuna 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar wasan Hausa ya fita daga waya ya bazu a Kano. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai, aka dakatar da shirya fim na wata shida, dubban masu cin abinci a sana'ar suka zauna. A lokacin Bluetooth ne kawai, babu WhatsApp balle TikTok. Yau abin da aka ɗauka da sunan soyayya, mai gyaran waya ko tsohon saurayi mai jin haushi yana iya watsa shi cikin minti ɗaya, kuma a kan macen ƙasa ke rushewa. Ya kamata matasa su san cewa Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 3 ga Yulin 2019, kuma tura hoton tsiraicin wanda bai balaga ba laifi ne na ɗauri, ko da mai turawar ɗan ajinsu ne.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: Malam, in ka yi wa yaro wannan bayani, ai ka buɗe masa ido. Ina girmama wannan tsoro, kuma ban ce a tara 'yan firamare a yi musu ba. Amma saurayin da ke riƙe da babbar waya idonsa ya riga ya buɗe, abin da ya rage shi ne wa zai fassara masa abin da ya gani. In mun yi shiru, abokinsa na fada zai yi, shi ma a can ya koya. Kuma al'adarmu ba ta bar wannan wuri fanko ba. Uba yana jin nauyin ɗansa, musamman ɗan fari, shi ya sa aka yi kawu da baffa, aka yi gwaggo da inna, aka yi kaka mai wasa da jika wadda ke iya faɗin abin da uwa ba za ta iya ba. Malaman zaure ma suna karantar da babin wanka da babin aure ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Waɗannan hanyoyi ne muka bari suka toshe, waya ta shige gurbinsu.

Ga abin da nake yi, kuma na ga amfaninsa. Ba na fara da tambayar ko ka taɓa kallo, don amsar ƙarya zan samu. Nakan fara da fim ɗin da muka sani, in tambayi samari yadda ake yin jinin ƙarya da faɗan ƙarya, su yi ta bayani suna nuna gwaninta. Daga nan sai in ce musu akwai wani fim ɗin da ya fi waɗannan duka dabara, in lissafa musu gwajin kwana 14, da ƙwaya, da yanka, da takardar yarda, da matan da suka kai ƙara. Ba na siffanta komai, ba a buƙata. Sai ka ga ɗaki ya yi tsit, saboda matashi ya fi ƙin a ce an yi masa wayo fiye da a ce ya yi laifi. 'Yan mata kuma malama ce ke zama da su, ta gaya musu cewa duk wanda ya nemi hoton jikinsu don tabbatar da so, makami yake nema. Wanda abin ya riga ya kama har yana hana shi barci da karatu, a rage masa kaɗaici da waya da dare, a sa shi aiki da wasanni, a bar masa ƙofar dawowa ya yi magana ba tare da an tona shi a gaban ƙannensa ba. Wanda yake zargin lafiyarsa kuma a raka shi asibiti, a raba shi da mai kwali.

Iyaye, mu duba cikin dangi mu ga wane kawu ko wace gwaggo ce yaranmu ke sakin jiki da su, mu ba su wannan aiki tun kafin a sa rana. Malamai, mu kawo maganar a taron iyayen yara na wannan zango, ko da murya za ta yi rawa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ƙarfin halin faɗa musu gaskiya a kan lokaci.