Eriyar da ke kama kowace mita, da abin da take ci

Duk wanda ya tashi yana jin mai shela na cewa "a kan mita 19 ko mita 31" ya riga ya san rabin karatun eriya. Mitar nan tsawon igiyar rediyo ce a iska, kuma tsawon eriya da ita yake tafiya. Masu rediyon sha'awa, waɗanda a Nijar alamar kiransu ke farawa da 5U, suna aiki a gajeren zango har zuwa megahaz 30. Eriya mai hannu biyu tana son rabin tsawon mitar: wayar tagulla kamar mita 20 don megahaz 7, kamar mita 10 don megahaz 14. In aka canza zango, sai an canza waya.

Don kauce wa wannan wahala aka ƙera eriya mai faɗin zango. Wadda aka fi sani ita ce T2FD, da sojojin ruwan Amurka suka gwada a ƙarshen shekarun 1940. Waya ce ninki biyu, da rezista a tsakiya. Tana karɓar zanguna da yawa, na'urar awo kuma ta nuna komai lafiya lau.

Amma rezistar nan ba kyauta take aiki ba. Wani kaso na ƙarfin da ya kamata ya tashi sama tana mayar da shi zafi, kuma asarar ta fi yawa a ƙananan zanguna. Awo ya yi kyau, muryarka ba ta je nesa ba. Wajen saurare kuwa asarar ba ta da illa sosai, domin hayaniyar sama, musamman tsawar damina, ita ke iyakance abin da kunne ke ji.

Shi ya sa nake ce wa ƴan'uwana malamai masu son kafa ƙungiyar rediyo a lakwal: ku fara tambayar me yaran za su yi. In saurare ne, mai faɗin zango ta wadatar, ta ba su duniya da waya guda. In aikawa ne, bayan an samu izinin ARCEP, a bar su su auna waya da hannunsu, su yanka ta daidai da zango ɗaya. Ta fi araha ga aljihun iyaye, ta fi kai murya nesa, kuma yaron da ya raba 143 da 7 ya ga wayarsa ta yi aiki ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.