Daga Canton Zuwa Kabarin Jim Thorpe

Canton, a jihar Ohio ta Amurka, ba wani babban birni ba ne, amma a nan aka yanke cibiyar gasar NFL, wato ƙwallon zari-ruga irin na Amurkawa. Na isa da hantsi, na zarce gidan tarihin gwarzayen wasan da aka buɗe a 1963. Ina shiga sai ga mutum-mutumin Jim Thorpe, ƙwallo a hannu. Ya cancanci wurin. A 1915 kulob ɗin Canton Bulldogs ya ɗauke shi a kan dala 250 duk wasa, kuɗi masu kauri a zamanin, shi kuwa ya kai su ga zama zakaru a 1916, 1917 da 1919. Da masu kulob-kulob suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay ranar 17 ga Satumba 1920 don tsara gasar, Thorpe suka naɗa shugaba, saboda sunansa ne ke cika fili da 'yan kallo.

Daga nan na yi gabas zuwa Carlisle a jihar Pennsylvania, inda jikina ya yi sanyi. Makarantar da aka kafa a 1879 don 'ya'yan Indiyawan daji, mutanen ƙasar na asali, yanzu barikin soja ce. A bakin hanya akwai maƙabartar yaran da suka mutu a can. An raba su da iyayensu, an aske musu gashi, an hana su yarensu. Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox daga Oklahoma, a nan ya yi suna a hannun koci Pop Warner, har suka doke jami'ar Harvard da ci 18 da 15 a 1911. A 1912 ya ciwo wa Amurka zinare biyu a wasannin Olamfik na Stockholm. Shekara na zagayowa aka ƙwace su, don ya taɓa karɓar 'yan daloli a wasan besbol. Ɗaliban jami'a da yawa sun yi haka da sunan bogi. Shi da sunansa na gaskiya ya buga. Sai a 2022 aka tabbatar masa da nasarar shi kaɗai.

Zangon ƙarshe wani ƙaramin gari ne tsakanin duwatsu a gaɓar kogin Lehigh. Mauch Chunk sunansa a da, garin gawayin ƙasa da kasuwarsa ta mutu. Thorpe ya rasu da talauci a Kalifoniya a 1953. Gwamnan Oklahoma ya ƙi amincewa da kuɗin gina masa hubbare, sai matarsa ta uku ta ɗauke gawar ana tsaka da al'adun jana'iza na ƙabilarsa, ta daidaita da mutanen wannan gari. Suka ɗauki sunansa a 1954 da fatan jawo baƙi. Bai taɓa taka garin ba yana raye.

Kabarin na jan dutse ne, a share tsaf, kuma mutanen garin suna girmama shi da gaske. Duk da haka raina bai kwanta ba. 'Ya'yansa sun je kotu suna neman a mai da mahaifinsu gida kusa da danginsa, kuma a ganina gaskiya na wajensu. Kotun ɗaukaka ƙara ta hana su a 2014, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren ƙarar a 2015.