Wutar Asuba

Har yanzu ina mamakin yarinyar nan da ba ta cika shekara goma ba, wadda take farkawa kafin ladan ya yi gyaran murya, ta lalubi takalminta a duhu, ta nufi masakin ƙullun da ya kwana a rufe, ta tsiyaye ruwan tsamin da ya taso a kai cikin wata ƙwarya, ko ɗigo bai zuba ba, kuma ba wanda ya tashe ta. Wai ni ce. Yau sai waya ta gaji da kuka kafin in motsa. Amma a Zangon Pusiga, daga ƙarshen Fabrairu har ruwan farko ya sauka, barci ba ya wuce asuba, domin duk abin da gida zai ci a yinin nan sai an gama da wutarsa kafin rana ta leƙo ta kan katanga. Sau ɗaya ake hura wuta. Ita ma ba a madafi ba.

Madafinmu ɗan ɗaki ne na laka mai rufin kwano, ba shi da taga sai wata 'yar kafa da hayaƙi ya baƙanta. Da hunturu nan muke cunkushewa muna miƙa wa garwashi tafin hannu, da bazara kuwa ko kyanwa ba ta leƙa shi. Mma, mahaifiyata, takan kwaso tukwanenta da muciya da mara da maburgi, ta kafa wasu duwatsu uku a gindin katangar gabas inda inuwa ke daɗewa, ta tura kara da 'yan ƙirare, kafin maza su dawo daga masallaci ruwan koko ya tafasa, curin fura na iyo a ɗaya tukunyar, ganyen zogale na jiran nasa layin, tsakar gida ta cika da ƙamshin citta da kanumfari da masoro gauraye da hayaƙin kara. Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. "Ke, miƙo rariya." "Ke, janye itacen nan." Da hantsi ya fara ɗagowa sai ta yayyafa wa tokar ruwa, tokar ta yi cuu, ta ɗauki mafici ta koma inuwa. An rufe ke nan.

Ranar tuwo, a wannan wutar ake tuƙa shi, na dawa ko na gero, a kwashe da mara, a bari ya sha iska, sannan a jera malmalar cikin wata baƙar tukunya mai faɗin baki, a zuba ruwan tsamin nan da na tsiyaye har ya rufe su, a kifa faifai. Tuwo a ruwan tsami yakan kwana biyu bai ce komai ba. Da azahar Mma ta tsamo malmala ɗaya, ta dama da hannu a ƙwarya har ta yi sumul, ta ƙara ruwan randa, in da suga a barbaɗa, in babu a sha haka. Ɗumame sai damina. Tun yunwar 1983 Mma ba ta yarda ko ƙanzo ya kai bola ba. Kankare shi take, ta shanya a kan rufin madafin, ranar da ta ga dama ta jiƙa, ta zuba masa ƙuli da mai, mu kuwa mu yi ta kokawa a kansa.

Fura ta Kaka ce, mahaifiyar Baba. A Yendi aka haife ta, amma in ta buɗe baki sai Salaga, garin da mahaifinta ya baro yana saurayi bayan yaƙin 1892, wanda ita kanta ba ta taɓa taka shi ba. Ta san yawan rijiyoyinsa, ta san inda fataken goro ke sauke wa jakuna kaya, ta san yadda ayari ke tasowa daga Kano ya yi watanni kafin ya iso Gonja. A wurinta duk wannan damu da jiƙe-jiƙe da muke yi ba sabon abu ba ne, abincin fatake ne: gumba a burgami, ruwa a salka, madugu ba ya tsayar da ayari tsakar rana don wani ya ɗora tukunya. Tana faɗa tana mulmula fura a cikin gari da yatsunta masu jan lalle, ni ina riƙe da taɓaryar da ta fi ni tsawo. "Kishiya, kirɓa da kyau, ni ba na shan fura mai gudaji." In kirɓa har kafaɗata ta yi tsami, ta gutsiri kaɗan ta murza, ta ce da saura.

Matsalar nono ce. Da bazara shanu sun rame, Bafulatanar da ke zuwa mana daga wajen Kulungugu ƙwaryarta ba ta wuce rabi, kuɗin kuma ya hau. Kaka ta ɗebo da ludayi ta kurɓa, ta dube ta, ta ce, "Yau ma kuka ta yi aure a ƙwaryar nan." Ita kuwa ta rantse da girman Allah, su yi dariya, a auna. Tana juya baya Kaka ta ɗauko nata farin garin 'ya'yan kukar, ta jiƙa, ta tace, ta ƙara a kai, nonon mutum uku ya ishi gida duka. Ranar da Bafulatana ba ta zo ba, tsamiya ce ke riƙe fura. Maƙwabtanmu Mosawa da Kusasawa su ma suna da nasu, zomkom, ɗanyen garin gero da aka murje da man kaɗe da barkono aka sake da ruwa, shi suke fara miƙa wa baƙo. In aka aike ni gidajensu ba na saurin isar da saƙo.

Randunanmu biyu ne, a gindin darbejiya, an binne su rabi cikin yashi. Aikina ne in jiƙa yashin safe da yamma, in jiƙa tsumman buhun da aka naɗe musu, in wanke moɗa in kife ta a kan murfi. Sabuwar randa ba a zuba mata ruwan sha sai Kaka ta kifa ta a kan hayaƙin kajiji, kuma wannan ƙamshin, na ƙasa da hayaƙi da sanyi a haɗe, ban sake samun sa a wani ruwa ba, ko na firji ko na roba. Ina gane yawan ruwan da ya rage daga ƙarar da moɗa ta yi, ko ina kwance a ɗaki. In ta yi ƙwal a gindi, gabana ya faɗi, domin a Afrilu rijiyar gida sai guga ya dawo da laka, sai dai layin burtsatse, da gammo, da rana.

Da la'asar sakaliya ake kwaɗo. Zogalen da aka tafasa tun asuba aka matse, ko busasshiyar rama da aka jiƙa, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa, a zuba gishiri da yaji da ɗan man gyaɗa, Mma ta cuɗa da hannu a babban kwano, mu kewaye shi. Albasar Bawku ce, ja, ƙanana, mai sa hawaye tun daga nesa, lokacin ne ake kwashe ta daga lambunan rani har ta yi arha. Kasuwar Bawku kwana uku-uku take ci, Baba yakan hau kekensa ya dawo da buhu a baya: albasa, ƙuli, kwalbar mai da aka toshe da totuwa, da garin rogo wanda manyan motoci suka hauro da shi daga Techiman. Garin nan na teburin sana'arsa ne, 'yan kwalejin malamai ta Pusiga ke saye da suga da gyaɗa su jiƙa a kofi, amma kullum mudu ɗaya yakan ɓace ya shigo gida. Baba ya auna, ya sake aunawa, ya dubi Mma, Mma ta dubi sama.

Sai ɗorawa. Mu 'yan Zango ba mu da itacenta, na masu ƙasa ne, saye muke a ɗaure-ɗaure. A ɓare, a kwashe garin nan ruwan ƙwai a dama da ruwa, ko a afa haka ya manne a ganɗa, duk yaran unguwa baki da hanci rawaya. Kalwar ba a zubarwa, tarawa ake a kai wa mai daddawa, wadda tukunyarta ke yini ta kwana a kan wuta. Ita kam ban san yadda take yi da bazara ba sai dai in ce Allah ya saka mata.

Haka ma wata Hajiya a bayan masallaci, mai tubani. Sai yanzu nake lissafin cewa sanyin madafinmu a kan guminta yake. Da yamma in Baba ya ce yau kam yana son abin da ya ga wuta, sai a ba ni akushinsa da 'yan sidi a ƙulle a bakin zani, in same ta zaune tsakanin tukwane biyu, ɗaya na tubani a naɗe cikin ganye, ɗaya na wake da shinkafa da karan dafi da kanwa suka rina ja, fuskarta na sheƙi, tsumma a wuya. Gida goma ko fiye suna hutawa da wutarta. Ta warware ganyen, ta yanka, ta kwarara mai da soyayyar albasa, ta barbaɗa yaji, ta ɗora min guda a tafin hannu. "Wannan na ɗan aike ne, kar ki kai gida." Ban taɓa kaiwa ba.

Azumin 1990 da na 1991 tsakiyar zafin nan suka faɗo. Ina yin rabin yini, in ce na kai, in zauna kusa da randa ina gadin ruwan da ba zan sha ba. Wutar asuba ta koma ta sahur, da yamma kuma Mma takan fito da kurfoti ta soya ƙosai a ƙofar zaure inda iska ke ratsawa, abin da ya rage duk na ƙwarya ne: kunun tsamiya da ya huce, fura, jiƙon gari, mangwaro a cikin bokitin ruwa. Wani yaro yakan kawo ƙanƙara daga Bawku a bayan keke, a naɗe cikin buhu da garin katako, kafin ya iso rabi ya tsiyaye a hanya. Baba ya sayi ɗan gutsure, a jefa a ƙwaryar Kaka, ta tsame shi da ludayi ta ba ni, ta ce haƙoranta ba su yi mata laifin komai ba. In riƙe shi a kumatu har kaina ya sara. Bayan asham a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ba mai kwana a ɗaki, manya na ambaton sanƙarau ƙasa-ƙasa, ƙasar ma ɗumi take fitarwa har tsakar dare.

Wata shekara hadari ya haɗo daga gabas a farkon Mayu, iska ta taso da ƙura da ledoji, Mma ta ce a kwashe tukwane a mai da su madafi. Na shiga da tsintsiya, sai na ji an hura min hanci daga cikin murhu. Kazar Kaka ce, wadda muka yi ta nema muna zargin shaho, ta share toka tsakanin duwatsu uku ta kwanta a kan ƙwai. Na kai hannu ta sare ni. Kaka ta dogaro sandarta ta leƙa, ta ce ba mai hura wuta a ɗakin nan sai an ƙyanƙyashe, kaza kwana 21 take yi, kuma ba wanda ya san ranar da ta fara.

Ruwa ya sauka, duwatsun gindin katanga suka jiƙe, karan ya jiƙe. Muka koma kan kurfoti a zaure, da fura, da kwaɗo, da akushi zuwa bayan masallaci, alhali maƙwabta sun koma tuwo da miyar kuka mai tururi, ƙamshin daddawarsu na tsallako katanga. Baba ya daure kwana biyu, a na uku ya tsaya a ƙofar madafi, hannu a baya, ya ce, "Iya, ni dai ban taɓa jin gidan da kaza ke yanke wa maigida abin da zai ci ba."

Kaka ta ce, "To, yau ka ji."